Gabana na faɗuwa ba dalili, asibiti kuma sun ce lafiyata ƙalau

Ƙanwar Maza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya kai ni bango. Wata bakwai ke nan da farawarsa. Ina cikin motar haya, cunkoso ya tsayar da mu, tagogi a rufe, sai kawai ƙirjina ya hau dukan uku-uku. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi mai sanyi, yatsuna kamar ana tsira musu allura, in na ja numfashi sai ya tsaya a wuya ya ƙi sauka. Wallahi har kalmar shahada na yi, na ɗauka tafiyar ce ta zo. Na roƙi direba ya sauke ni, na zauna a bakin titi, bayan kamar minti ashirin abin ya lafa, ya bar ni da gajiya kamar wadda ta wuni tana dako.

Sau uku ina zuwa asibiti. An gwada zuciya, an ɗebi jini, an ce ba komai. Likitan ƙarshe ya ce min “fargaba ce kawai”, kuma wannan “kawai” ɗin ta fi komai ƙona min rai. Yanzu na daina shiga motar haya. In ana taro a wurin aiki, bakin ƙofa nake zama. Da dare yatsana na kan jijiyar wuyana ina ƙirga bugun zuciya. Don Allah me ke kawo wannan abu? Kuma ana rabuwa da shi?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yaye miki. Ki yawaita addu'a, ki rage tunani. Duniyar nan ba a ɗaukarta da zafi.

Ƙanwar Maza: Amin Baba, na gode. Addu'a ina yi dare da rana. Amma rage tunanin nan, da akwai makunnin da zan danna ya mutu, da tuni na danna.

Gaskiya Ɗaci: Ni fa a ganina wannan ciwon 'yan boko ne da masu wuni a kan waya. Iyayenmu sun ga wahalar da ta fi tamu, ba mu ji suna cewa fargaba ba. In imani ya yi ƙarfi, tsoron me mutum zai ji?

Anti Nas: Malam Gaskiya, bari in fara da kai kafin in koma kan ƙanwata. Shekarata goma sha shida ina aikin jinya, kuma wanda na fi tunawa cikin masu zuwa mana da wannan lalurar dattijo ne da ko waya ba ya riƙewa, tasbaha ba ta barin hannunsa. Iyayenmu sun yi fama da ita, sunanta ne ba su da shi. Cewa suke “gabana ke faɗuwa” ko “zuciyata ke tsinkewa”. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke ɗauke da ciwon fargaba, miliyan 58 daga ciki yara ne da matasa, kuma mata sun fi maza yawa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani. Irin maganarka tana cikin abin da ke hana sauran ukun buɗe baki. Mai hawan jini ba ma ce masa imaninsa ne ya yi rauni.

Ƙanwata, abin da kika kwatanta shi ake kira farmakin firgici. Bari in gaya miki abin da ya faru a jikinki a motar nan, don sanin sa kaɗai yana rage wa abin kwarjini.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin sashe, amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari, ba ya jiran ki yi tunani, sai ya buga ƙararrawa. Wasu 'yan ƙullutai da ke zaune a kan ƙodoji su sako sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri don ta kai jini ga manyan tsokoki, jinin ya janye daga fata da hanji, shi ya sa hannu ke sanyi, ciki ke juyawa, baki ke bushewa. Wani masani ɗan Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan tun 1915: jiki na shirin faɗa ko gudu. In kare ne ya biyo ki, wannan shirin shi zai cece ki. Matsalar ita ce mai gadin ya buga ƙararrawa alhali ba ɓarawo.

Tsirar allurar nan a yatsu kuma daga numfashi take. In kina numfashi sama-sama da sauri, kina fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su yi kamar sun mutu. Ji kike iska ba ta ishe ki ba, alhali ta ma yi yawa. Yawanci abin yana kai ƙololuwa cikin minti goma, daga nan ya fara sauka da kansa.

Amma ki faɗa min, a gwajin jinin an duba tayirod, wato ƙullutun nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo? In yana aiki fiye da kima yana kawo bugun zuciya, karkarwa, gumi da rama, sak kamar fargaba. Haka ƙarancin jini, haka saukar sukari. Kuma kina shan kofi ko lemon ƙara kuzari?

Ƙanwar Maza: Anti wallahi kamar kina cikin motar. Tayirod ban sani ba ko an duba, zan nemo takardun. Kofi ina sha, biyu da safe, ɗaya da yamma saboda aiki.

Anti Nas: Na yamman nan ki fara ajiye shi. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, to wanda kika sha ƙarfe biyar yana nan yana aiki lokacin da kika kwanta kina ƙirga bugun zuciya. Sauran ki rage a hankali, kar ki yanke lokaci ɗaya, ciwon kai zai sa ki gaba.

Gaskiya Ɗaci: To Anti, na ji. Ban ce ƙarya take ba.

Shiru-Shiru: Ina bin zancen nan da kyau. Ni ma haka nake, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Mai Nazarin Hali: Anti Nas ta gama da ɓangaren jiki. Ni abin da ya tsaya min a rubutunki, 'yar uwa, ba ranar farko ba ce, watanni bakwai ɗin da suka biyo baya ne. Mutane da yawa suna samun irin wannan farmaki sau ɗaya a rayuwa, ya wuce, ba ya dawowa. Tambayar ita ce me ya sa naki ya samu wurin zama.

A 1986 wani masani ɗan Ingila, David Clark, ya yi bayanin da har yau ake aiki da shi. Zuciya ta ɗan buga da ƙarfi, ƙila don kin hau bene ko kin sha kofi. Sai tunani ya ce “ga shi nan, zuciyata za ta tsaya”. Wannan tunanin ya tsorata mai gadi, ya ƙara sako adiranalin, zuciya ta ƙara bugawa, tunanin ya ce “ba na faɗa ba?” Haka za su yi ta zuga juna har ki kai inda kika kai a motar. Ba motar kike tsoro ba yanzu, jikinki kike tsoro.

Sai kuma gudu. Ranar da kika sauka daga motar kika ji sauƙi, ƙwaƙwalwarki ta rubuta cewa saukar ce ta cece ki. Ba ta samu damar ganin cewa ko da kin zauna, abin zai lafa da kansa ba. Duk ranar da kika kauce wa mota, duk taron da kika zauna bakin ƙofa, kina sa hannu a kan wannan rubutun. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu; amma in kullum gudu yake, yaushe zai gane tsumma ne? Ƙirga bugun zuciya ma gudu ne a ɓoye. Yana ba ki kwanciyar hankali ta minti biyu, sannan ya koya miki sa ido a kan kowane motsi na ƙirjinki, kuma mai sa ido ba ya rasa abin gani.

Baba, ka yi min afuwa, zancen rage tunani akwai gyara a ciki. A 1987 wani masani mai suna Daniel Wegner ya tara ɗalibai ya ce kada su tuna da farin beyar, wata babbar dabbar daji, duk wanda ya faɗo masa a rai ya kaɗa ƙararrawa. Sai ƙararrawa ta yi ta ƙara. Tunanin da aka kora da sanda ya fi saurin dawowa. Abin da ke aiki shi ne a bar shi ya zo, a gane shi, a ce “ga shi ya dawo”, a ci gaba da abin da ake yi.

Baban Ummi: Babu laifi ɗana, ilimi kogi ne. Ni abin da na sani na faɗa. Amma addu'ar dai kar a bari.

Mai Nazarin Hali: Ko kaɗan Baba, ba mai cewa a bari. Ana addu'a ana zuwa asibiti.

Uwar Marayu: Ku yi haƙuri in ɗan ɓata muku tsari. Duk bayanin nan na ƙararrawar ƙarya ne, ni kuwa tawa ba ta ƙarya ba ce. Mijina ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar min yara huɗu da bashi. Ƙarfe uku na dare nake farkawa, ido biyu har asuba, ina lissafin kuɗin makaranta da na haya. Wuyana da kafaɗuna kullum a sandare. Wata ta ce min in riƙa jan numfashi a hankali. Na ja, na sauke, bashin yana nan inda na bar shi. Wani lokaci ji nake masu ba da shawarar nan ba su taɓa kwana da tunanin abin da za a ci gobe ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙanwar Maza: Allah sarki Yaya. Allah ya jiƙansa, ya raya miki yaran. Sai na ji kunyar tawa matsalar.

Uwar Marayu: Kar ki ji kunya ƙanwata, ciwo ciwo ne. Ni dai ba na so a mayar da komai laifin ƙwaƙwalwa.

Mai Nazarin Hali: Hajiya, gaskiyarki, kuma na gode da kika taka min burki. Talauci, bashi, rashin aiki, zama da mai duka ko mai zagi, rashin wani naka, ciwo mai tsawo, duk suna cikin manyan abubuwan da ke haifar da fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar korona, fargaba da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Ƙwaƙwalen mutane ba su lalace a shekara ɗaya ba, rayuwa ce ta yi tsanani. Duk wanda ya ce miki numfashi zai biya bashi, bai san abin da yake faɗa ba.

Abu ɗaya zan ce. Lissafin da kike yi ƙarfe uku na dare, ya taɓa fitar da amsar da ba ki samu da rana ba?

Uwar Marayu: Bai taɓa ba. Lissafi ɗaya ne nake ta maimaitawa kamar mai jan carbi.

Mai Nazarin Hali: To nan ne kaɗai nake da abin cewa. Bashin na gaske ne, amma lissafin dare ba ya rage shi, barcinki yake ci, gari ya waye ba ki da ƙarfin neman mafita. Akwai dabarar da ake koya wa masu irin wannan: ki ware lokaci ɗaya da rana, kamar minti ashirin, ki zauna da takarda da biro. Ki raba damuwar gida biyu, wadda za ki iya yin wani abu a kanta cikin makon nan, da wadda ba ta hannunki. Ta farko ki rubuta mataki ɗaya, ko da zuwa ne a nemi a raba miki biyan kuɗin makaranta kashi-kashi. In ta zo da dare ki ce mata tana da lokacinta gobe, ga takarda nan. Kwanakin farko ba za ta ji magana ba.

Kuma tunda abin ya haura wata shida, kusan kullum, ga rashin barci ga sandarewar tsoka, ya kai a ga likita. Wannan wani nau'i ne daban da na ƙanwarmu: nata yana zuwa kamar tsawa ya wuce, naki kamar yayyafi ne da ba ya ɗaukewa. Sau da yawa yana tafiya tare da ciwon baƙin ciki, musamman bayan rashi, ya kamata a duba duka biyun.

Uwar Marayu: Zan gwada takardar. Likita kuma sai na ga yadda hali ya yi.

Direban Dare: Bari in ba ku nawa, ko wani zai tsira. Ina tuƙin dare, ina shan lemon ƙara kuzari gwangwani uku huɗu don kar barci ya ɗauke ni. Da safe in na kwanta sai jiki ya hau rawa, zuciya na bugawa. Wani abokin aiki ya ba ni ƙwayar dayazifam, mai kwantar da jiki da sa barci. Ranar farko na ce ashe akwai aljanna a duniya. Bayan wata biyu ɗaya ba ta yi min, sai biyu. Yanzu shekara ɗaya da rabi, ranar da ban sha ba fargabar da nake ji ta ninka ta da sau goma, har gani nake bango na matsowa. Jiya na yanke shawara zan watsar da ita gaba ɗaya.

Anti Nas: Ɗan uwa, don girman Allah kar ka watsar lokaci ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da dayazifam in ya yanke kwatsam yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya kisa. Ka je wurin likita ka faɗa masa gaskiyar adadin da kake sha, ba ragi, zai tsara maka yadda za ka riƙa ragewa cikin makonni ko watanni. Sannan ƙwayar nan da tuƙi ba sa haɗuwa, tana rage saurin hannu da ido ko da kana jin kanka garau.

Ga sauran masu karatu: dayazifam da danginta an yi su ne don ɗan gajeren lokaci, mako biyu zuwa huɗu, a ƙarƙashin kulawar likita. Magungunan da aka fi bayarwa don fargaba mai daɗewa wasu ne daban, irin su satralin. Su ba sa aiki nan take, sai an yi makonni ana sha, wani ma a makon farko sai ya ji abin ya ɗan ƙaru, ya ce maganin bai karɓe shi ba ya ajiye. Su ma ba a yanke su kwatsam. Giya, kodin da tiramadol kuma duk kanwar ja ce: sauƙi na awa kaɗan, fargaba ninki in sun saki mutum.

Direban Dare: Kai. Anti kin ceci rai, da yau zan fara. Gobe in Allah ya kai mu zan je.

Shiru-Shiru: Tambaya. Gado ne? Mahaifiyata in ɗayanmu ya yi minti goma bai dawo ba, ta riga ta gama zana hatsarin da ya yi. Ni ma na taso haka, yanzu ina tsoron kar in shafa wa 'yata.

Mai Nazarin Hali: Akwai gado a ciki, amma ba shi ne duka ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na ɗaukar kusan kashi ɗaya bisa uku, sauran daga abin da mutum ya gani ne ya kuma sha a rayuwa. Abin da ake gada saurin firgita ne, ba ciwon kansa ba. Wani ɓangaren kuma koyo ne: yaro na kallon fuskar uwarsa don ya san ko abu abin tsoro ne. In 'yarki ta ji tsoron wani abu, kar ki yi mata dariya, kar kuma ki ɗauke ta ki gudu da ita. Ki riƙe hannunta ku matsa kusa tare, taku ɗaya.

Ƙanwar Maza: Malam, to ni yanzu me zan yi? Cewa kake in koma in shiga motar? Ko tunanin haka sai da gabana ya faɗi.

Mai Nazarin Hali: Eh, amma ba gobe ki faɗa doguwar tafiya ba. Da farko ki bi maganar Anti a tabbatar jiki lafiya. Sannan in da hali ki nemi masanin halayyar ɗan Adam da ya iya maganin gyaran tunani da ɗabi'a, wanda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Ba zama ne na shekaru ba, yawanci makonni ne zuwa 'yan watanni, kuma yana cikin abin da aka fi tabbatar da amfaninsa a kan firgici.

Tsarin kamar hawa tsani ne. Ki rubuta abubuwan da kike gudu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ƙila matakin farko ki tsaya a tasha ki kalli motoci. Na biyu ki shiga da wani naki, ki sauka a tsayawa ta gaba. Ki maimaita mataki har ya gundure ki kafin ki hau na sama. In abin ya taso, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sauke shi ya fi jan tsawo, kamar mai hura shayi mai zafi. Amma kar ki mayar da numfashin makamin korar firgici, don in kin yi haka ya zama wani gudun. Burin shi ne ki zauna har ya zo ya wuce kina kallonsa. Yatsan nan kuma ki sauke shi daga wuya. Ki samu tafiyar ƙafa mai ɗan sauri kamar rabin awa yawancin kwanaki. Ban da amfaninta ga barci, tana koya wa jikinki cewa zuciya na iya bugawa da ƙarfi ba tare da an mutu ba.

Mai Kula da Zaure: Tunatarwa ga kowa: abin da ake faɗa a nan ba ya maye gurbin ganin likita. Wanda ya ji ciwon ƙirji sabo, musamman mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko ya suma, ya tafi asibiti nan take, kar ya ce fargaba ce. Wanda kuma tunanin cutar da kansa ke zo masa, ya faɗa wa wani nasa yau, a kai shi asibiti.

Ƙanwar Maza: Salam 'yan uwa, na dawo bayan mako biyar. Tayirod lafiya, jinina ne ya ɗan yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini. Kofin yamma na bari. Na fara hawa tsanin da yayana. Ranar farko a tasha muka tsaya kawai, yana ta yi min tsiya wai mun zo gaishe da motoci. Shekaranjiya na shiga ni kaɗai, kujerar tsakiya, wata mata da buhu a gefena. Muna kaiwa cunkoso abin ya taso, gumi, yatsu, komai. Bakina har ya buɗe zan ce a sauke ni. Sai na kafa ido a kan wata yagaggiyar leda da ke bayan kujerar gabana, na ce to zo ka gama. Na duba agogo, minti takwas ya yi ya fara sauka. Da na isa gida sai da na yi kuka.

Ban warke ba fa. Jiya a taro bakin ƙofa na zauna, kuma da dare na kama kaina da yatsa a wuya sau biyu.

Anti Nas: Masha Allah ƙanwata! Maganin jinin ki shanye shi har ƙarshe, ki koma a sake gwadawa.

Mai Nazarin Hali: Motar nan ki sake shiga cikin kwana biyu, kar ki bari tazara ta yi tsawo. Taron kuma mako mai zuwa ki matsa kujera ɗaya daga ƙofa, ɗaya tak.

Uwar Marayu: Barka ƙanwata. Ni takardata ta kusa cika, makarantar ma sun yarda in biya sau uku. Har yanzu ina farkawa, amma yanzu ƙarfe huɗu ne ba uku ba. Direban Dare fa, ko an ji daga gare shi?

Direban Dare: Ina nan Hajiya. Likita ya rage min kashi na farko, an mayar da ni aikin rana. Barcin ne dai har yanzu sai a hankali. Anti, ciwon kan nan na barin lemon kwana nawa yake ɗauka?